Wata Huɗu da Rabi Ina Bin Takardar Garkuwa Ɗaya a Ostireliya

Tun ina yaro nake da ciwon tsofaffin makamai. A zauren gidanmu akwai takobin kakana a rataye, kubensa ya tsufa har fatar ta fara ɓarewa, a gefensa kuma da wani kere na mafarauta da hannu ya goge ya yi sumul. Da na fara samun abin kaina sai na shiga saye, yau wuƙa, gobe kwari da baka, har uwargida ta ce ɗakina ya koma gidan tarihi. Saboda haka da karatu ya kai ni Melbon a ƙasar Ostireliya, ba a daɗe ba na gano inda ake ajiye kayan 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin. Duk Asabar ɗin da na samu sarari sai in tafi sashen Bunjilaka na gidan tarihin Melbon, ko cibiyar Koorie Heritage Trust da ke Federation Square, in tsaya a gaban gilashi ina ta kallon garkuwoyi da kulake da masu. Shekara uku na yi ina kallo ban sayi ko tsinke ba. Ranar da na zo saye kuwa, cinikin bai wuce minti huɗu ba, amma sai da na yi wata huɗu da rabi ina bin takarda kafin kayan su bar ƙasar. Na san akwai 'yan'uwa masu irin ciwona da ke zuwa karatu ko aiki can, shi ya sa na ga ya kamata in zayyana yadda aka yi tun daga farko.

Kallon nan na shekara uku bai tafi a banza ba. A nan na gane cewa bumaran, sandar jifar nan mai lanƙwasa da duniya ta san su da ita, yawancinta ba ta dawowa wurin mai jifa. Ta farauta da faɗa nauyi gare ta, aikinta ɗaya da keren mafarautanmu. An tono wasu a fadamar Wyrie ta Kudancin Ostireliya da suka kai kimanin shekara 10,000. Na ga wumera, itacen da ake maƙala gindin mashi a kansa don jifa ta yi nisa, da ɗan ƙugiyarsa da aka ɗaure da jijiyar dabba aka liƙe da ƙaron ciyawa. Garkuwa kuwa kowane yanki da irin tasa. Ta kudu maso gabas siririya ce mai kauri, ta kare dukan kulki. Ta dazukan arewacin Kwinslan babba ce, daga saiwar itacen ɓaure ake sassaƙa ta. Wadda ta shiga raina ita ce wunda ta Yammacin Ostireliya: doguwa, marar nauyi, fuskarta cike da tsagogi da suka miƙe suka karya suka sake miƙewa, an shafe su da jar ƙasa da farar ƙasa layi bayan layi. Na kuma koyi guje wa shagunan 'yan yawon buɗe ido, domin a 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dala miliyan 2.3 na kuɗin ƙasar saboda sayar da bumaran da wasu kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin Aborijin.

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, ina shirin kammala karatu, na ga tallar wani ƙaramin gidan gwanjo a wani gari da ke da tafiyar awa biyu daga Melbon. Kayan wata tsohuwa ce da ta rasu, kujeru da tangaran da agoguna, a tsakiyarsu kuma kwali guda: garkuwar wunda da bumaran. Na je ranar duba kaya. Garkuwar ta kai santimita 74, na juya ta na ga mariƙinta daga jikin itacen aka sassaƙo shi, ba liƙawa aka yi ba, kuma ya yi baƙi ya yi santsi daidai inda yatsu huɗu ke kamawa. Na sa hannuna a wurin, sai na ji ya yi mini kaɗan. A bayanta akwai wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, an rubuta da alƙalamin tawada sunan wata gonar tumaki a yammacin ƙasar. Washegari na nuna fasfo, na cika fom, aka ba ni kati mai lamba. An ƙiyasta kwalin a dala 900 zuwa 1,200 na kuɗin ƙasar, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan wuce 1,200 ba. Wani da ke tayi ta waya ya ja ni, zuciya ta ɗebe ni, aka buga guduma a kan 1,600. Da na je biya sai aka ce 1,987 da 'yan kwabbai. Ashe akwai la'adar gidan gwanjo kashi 22 cikin ɗari a wuyan mai saye, a kan la'adar kuma akwai harajin kaya na kashi 10. Yana rubuce a bayan fom ɗin da na sa wa hannu, ni ne ban karanta ba.

A ƙasan rasit ɗin akwai layi ɗaya da ke cewa an sayar da garkuwar ne bisa izini mai lamba kaza. Wannan layin shi ya yaudare ni. Na ɗauka an gama da gwamnati ke nan, na rungumi kwalina na kamo hanya ina murna. A gida, da na zazzage tsofaffin jaridun da aka cusa a ƙasan kwalin, sai ga wani abu na uku ya faɗo, na itace, a naɗe cikin tsumma. Ba ya cikin jerin kayan gwanjo, babu wanda ya ambace shi. Ba zan siffanta shi ba, domin an roƙe ni kada in yi. Na dai ce a raina gyara ce Allah ya kawo, na ɗora shi a kan kanta tare da littattafaina.

Mako guda bayan haka na je kamfanin da zai kai mana kaya gida ta jirgin ruwa. Matar da ke kanta tana bin jerin kayana da biro, tukwane, littattafai, keken yara, sai ta tsaya cak a kan garkuwa. Ta tambaye ni shekarunta, na ce za ta kusa ɗari, ina faɗa ina alfahari. Ta ajiye biron ta ce su ba sa ɗaukar irin wannan sai da takarda daga Kanbera, babban birnin ƙasar. Na nuna mata lambar izinin da ke rasit, ta ce wannan na mai sayarwa ne, bai shafe ni ba. A mota na zauna na buɗe waya na karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in ɗaga kati. Akwai dokar tarayya ta 1986 mai kare kayan tarihin da ake iya ɗauka, suna taƙaita sunanta PMCH. Ta kasa kaya gida biyu. Rukunin A ba ya fita ƙasar, kowa kake, nawa ka biya: kayan ibada na sirri, gawarwaki da ƙasusuwan mutane, akwatunan gawa na ɓawo da na kututture, zanen kan dutse, da itatuwan da aka yi wa sassaƙa. Har sulken ƙarfen Ned Kelly, ɗan fashin nan da suka mayar gwarzo, yana cikin wannan rukuni. Rukunin B yana fita amma sai da izini, kuma kayan Aborijin na shiga cikinsa idan sun kai shekara 30, ba don sayarwa aka yi su ba, kuma babu irinsu isassu a gidajen tarihin ƙasar. Wanda ya yi ƙoƙarin fita da su a ɓoye za a ƙwace kayan, yana kuma iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. Na tuna dā niyyata in jefa su cikin akwati tsakanin riguna, sai na ji gumi ya karyo mini.

Na buga waya ofishin tarayya mai kula da al'adu. Wanda ya ɗauka ya saurare ni da haƙuri, ya ce in cika fom ɗinsu, sannan ya ƙara da cewa in tuntuɓi jihar da nake zaune, domin kowace jiha da tata dokar. Nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na la'ada tsada: na fahimci maganarsa a kan cewa sai na gama da jiha kafin in zo wurinsu. Bai ce haka ba. Ni na ƙulla wa kaina.

Dokar jihar Biktoriya, inda Melbon take, ta 2006 ce, kuma ta ba ni mamaki. Na zaci tunda garkuwar daga Yammacin Ostireliya ta fito, ba ruwan Biktoriya da ita. Ashe dokar ta hau kan duk wani kayan Aborijin da ke cikin jihar, ko daga wane yanki na ƙasar ya zo. Sayar da shi sai da izini, fita da shi daga jihar ma sai da wani izinin daban, ko da Sidni za ka kai shi balle Najeriya. Da daddare na jera kayan nan uku a kan farin zanen gado, na ɗauki kowanne hoto gaba da baya, na auna su, na tura ta imel tare da bayanin yadda na same su.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga ofishin, muryarta a sanyaye amma babu wasa a ciki. Ba ta yi zancen garkuwa ba sam. Ta tambaye ni abu na ukun nan yana ina, wa da wa suka gan shi, ko na tura hotonsa wani wuri. Na ce abokaina biyu na tura wa ta WhatsApp. Ta roƙe ni in goge hotunan, in sa su ma su goge, in naɗe abin in ajiye shi inda mata da yara ba za su kai gare shi ba. Ta ce ita kanta da ta gane abin da take kallo rufe hoton ta yi, ta miƙa maganar ga abokin aikinta namiji. Suna kyautata zaton yana cikin kayan sirrin da a al'adar masu shi ba kowa ke ganinsu ba, sai mazan da aka shigar cikin sirrin. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2016, irin wannan abu mallakar masu asalinsa ne, ba a sayar da shi, kuma duk wanda ya tsinci kansa riƙe da shi wajibi ne ya miƙa shi ga majalisar kula da gadon Aborijin ta jihar, wadda su 'yan asalin ne mambobinta.

Uwargida tana tsaye a bakin ƙofar kicin ta ji komai. Ta ce, "Malam, don Allah ka fitar mini da abin nan daga gida, ni ban san me ka kwaso mana ba." Na ce ta kwantar da hankalinta, itace ne kawai. Ta ce, "Itace ne gwamnati ta kira ka da sassafe?" Ban samu amsa ba. Na naɗe shi da sabon tawul, na sa a jaka, na kai but ɗin mota, can ya kwana uku. Ni Musulmi ne, ban yarda itace na cutarwa ko amfanarwa ba. Amma na tuna rigar layun kakana da ke ƙasan adaka a gida, wadda mu kanmu ba ma fito da ita gaban baƙi. Da zan ji wani Bature ya ɗora ta a kanta yana tura hotonta ga abokai, raina zai ɓaci, kuma ba zan tsaya tambayar ko ya yarda da abin da ke cikin layun ba.

Ranar da aka sa mini na kai shi, maza biyu suka tarye ni a wani ɗan ɗaki. Ɗaya jami'i ne, ɗayan dattijo mai furfura wanda kowa ke ce wa kawu, domin su ma haka suke kiran manyansu, kawu da goggo, ko babu dangantakar jini. Dattijon ya karɓi jakar da hannu biyu, bai buɗe ta a gabana ba. Ya tambaye ni inda na ajiye shi da ko an shafa masa wani abu, na ce a'a. Ya tambayi ƙasarmu, na ce Najeriya, ya gyaɗa kai ya ce ai mu ma an kwashe mana. Jami'in ya ba ni takardar shaidar miƙawa, ya bayyana mini cewa babu diyya, kuma neman ainihin masu shi na iya ɗaukar lokaci mai tsawo. Duka zaman bai kai minti ashirin ba. Na fito da jaka babu komai, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Daga nan aka koma kan garkuwa. Bumaran ɗin bai ba da wahala ba, domin an ƙona masa zanen gadar tashar ruwan Sidni a jiki. Gadar a 1932 aka buɗe ta, kuma irin waɗannan Aborijin ɗin unguwar La Perouse ta Sidni ne suka daɗe suna yi suna sayar wa baƙi. Abin da aka yi don kasuwa dokar jiha ba ta hau kansa ba. Garkuwa kuwa sai da na cika fom ɗin neman izinin fita da ita, na biya kuɗin fom, wanda ake sabunta adadinsa duk shekara. Bayan kwana goma suka dawo mini da tambaya: ta yaya garkuwar ta baro yamma ta zo gidan tsohuwar nan? 'Yar takardar da ke bayanta ba ta wadatar ba. Na koma gidan gwanjon, nan ne kawai a duk tafiyar na ga wulaƙanci. Lokacin karɓar kuɗi da fara'a aka karɓa, yanzu kuwa sai a ce mai gidan ya fita, gobe a ce ba sa ba da sunan masu kaya. Ban nemi suna ba, wasiƙa nake so. Sau uku ina tuƙin awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ga azumi a baki. Sai da na ambaci abu na ukun da ya fita ta ƙofarsu babu wanda ya duba, sannan jikinsu ya yi sanyi. Cikin kwana huɗu wasiƙa ta iso daga jikar marigayiyar, tana cewa mahaifin kakarta ya yi aiki a gonar tumakin nan yana saurayi, shi ya dawo da garkuwar, tun tana yarinya take ganinta a rataye a falo. Na haɗa da takardar rantsuwa tawa. Wannan ba sai ka je wurin lauya ba. A Biktoriya mai kantin magani ma yana iya zama shaida, kuma wanda ke unguwarmu ne ya sa mini hannu. Izinin jiha ya fito mako shida cif daga ranar da na fara, biyu daga ciki a hanyar gidan gwanjo suka tafi.

Sai a lokacin, a ƙarshen Afrilu, na tura fom ɗin Kanbera, wanda da na tura shi tun farkon Maris da tafiyar ta zo daidai. Ban biya ko sisi a nan ba. Suna son cikakken bayani: tsawo da faɗi, irin itace, hotuna masu kyau, tarihin hannun da ya bi, kuɗin da aka saya, ƙasar da za a kai, da ko fita ce ta dindindin ko ta ɗan lokaci. Tsarinsu shi ne su miƙa wa wani masani mai zaman kansa ya duba ya rubuta rahoto. Idan ya ga abin ya shiga rukunin da ake karewa, sai a kai gaban kwamitin ƙasa na kayan tarihi, kwamiti ya ba minista shawara, a bayar ko a hana. Wanda aka hana ba a ƙwace masa kaya ba, nasa ne, amma a cikin Ostireliya zai zauna. Akwai ma asusun da ke taimaka wa gidajen tarihinsu su sayi irin waɗannan. Masanin ya nemi ƙarin hotuna sau biyu. Ya ce in kashe fitilar ɗaki in haska tocila daga gefe don tsagogin su fito, yana so ya ga ko da dutse aka yi su ko da ƙarfe. Ya kuma tambaya ko na goge ta. Allah ya taimake ni ban yi ba, alhali har na sayo mai zan shafa mata kamar yadda nake yi wa kuben takobi. Da na shafa, da jar ƙasar ta tafi, darajar ta bi ta.

Jiran nan ya fi komai cin rai, domin babu inda za ka je ka yi magiya, babu wanda za ka ce ya san wani. Imel kawai kake dubawa. A cikin kwanakin ne labari ya cika gari cewa kwalejin Trinity ta Kambrij ta mayar da mashi huɗu ga mutanen La Perouse. Suna cikin kimanin 40 da Kyaftin Kuk, jagoran jirgin ruwan Ingila, da mutanensa suka kwasa a gaɓar Botany Bay ta wajen Sidni a 1770, ranar farko da suka sauka. Shekara 254 ke nan. Na zauna ina kallon hotunan, ga bumaran ɗin mutanen unguwar a kan teburina, ga garkuwa a jingine. Ni da nake kumfar baki duk lokacin da aka yi zancen tagullan Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, yau ga ni ina cika fom don in fitar da kayan wasu daga ƙasarsu. Na san akwai bambanci tsakanin ganimar yaƙi da abin da ka saya a bainar jama'a, kuma garkuwar wunda kayan yau da kullum ce da su kansu suke musaya da ita daga yanki zuwa yanki. Amma wasiƙar jikar ba ta ce ba shi aka yi ba, ba ta ce saya ya yi ba, cewa kawai ta yi ya dawo da ita. A daren na yanke wa kaina cewa idan aka hana ni ba zan ɗaukaka ƙara ba, zan bar ta a wani gidan tarihi in tafi.

Mun riga mun sayi tikitin komawa gida don Babbar Sallah a tsakiyar Yuni. Lokaci ya zo takarda ba ta fito ba. Ba na son in bar garkuwar a hannun wani ya zama shi zai amsa tambayoyin da ban san za su taso ba, sai na sa iyali a jirgi, na ɗaga nawa tikitin a kan dala 480, na kama ɗaki a gidan wani ɗan'uwa ɗalibi a kan 250 duk mako. Na yi sallar idi cikin sanyin hunturun Melbon, ana ta turo mini hoton rago ta waya. A makon farko na Yuli amsa ta zo. Masanin ya tabbatar tsohuwa ce ta gaske, amma akwai irinta da yawa, har da waɗanda suka fi ta, a gidajen tarihin ƙasar, don haka ba ta shiga jerin da ake tsarewa ba. Aka ba ni wasiƙar sallama mai ɗauke da hoton garkuwar da na bumaran, wadda zan nuna wa jami'an kan iyaka.

Wani mai shirya kayan zane ya yi mini akwatin katako a kan dala 260. Ya fara naɗe ta da takarda mai laushi marar sinadari kafin leda, ya ce kada leda ta taɓa fuskar kai tsaye don tana ɗebe launi. A filin jirgin Tullamarine na Melbon ba a shiga da irin waɗannan a hannu, sai ta wurin manyan kaya. Ni na je da kaina na sanar da jami'an kan iyaka, aka kwance akwatin, wata jami'a ta riƙe wasiƙar a hannu ɗaya tana gwada tsagogin da hoto, ta auna tsawon, aka ɗaure. Minti arba'in ya ci, saboda haka a je da wuri. Da na sauka gida jami'in kwastam ya leƙa akwatin ya ce, "Alhaji, wannan allo ne ko makami?" Na ce garkuwa ce. Ya kira abokan aikinsa suka taru suna kallo, ɗaya ya ce wannan 'yar siririyar me za ta tare. Na nuna takardu, aka sallame ni.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce shi ne ya fara da takarda kafin ciniki. Ranar duba kaya ka tambayi gidan gwanjo abu uku a rubuce: izinin sayarwa, tarihin hannun da kayan suka bi, da jimillar abin da za ka biya har da la'ada da haraji. Kafin guduma kana da daraja a idonsu, bayanta kuwa sai dai ka yi ta safa da marwa. Ka zazzage kwali har ƙasa a gabansu. Idan ka ci karo da abin da ba ka gane ba, kada ka ɗauki hoto, ka buga waya ka siffanta shi da baki. Ka tura fom ɗin jiha da na tarayya rana ɗaya, kuma kada ka sayi tikitin da ba ya ɗaguwa. Dokar jiha ba ɗaya ba ce. Kudancin Ostireliya tana da tata ta 1988 da ita ma ta hana sayarwa ko fitarwa sai da izinin minista, don haka inda kayan suke zaune shi za ka duba, ba inda aka yi su kaɗai ba. Abin da ke da gashin tsuntsu ko haƙori ko ƙoƙon kunkuru yana iya jawo dokar namun daji ta 1999, wani layin ne kuma daban. Garkuwar da na yi niyyar saye a 1,200 ta tsaya mini a sama da dala 3,500. Da zan sake, cibiyoyin sana'a na al'ummomin Aborijin zan nufa, inda masassaƙa masu rai suke yin garkuwa da mashi da wumera yadda iyayensu suka koya musu. Kuɗinka ya shiga hannun mai aikin, ka san sunansa da garinsu, kuma sabon abu da aka yi don sayarwa ba ya neman wannan doguwar tafiya.

Takardun kuma kada a yar da su bayan an iso. Najeriya ma tana da dokarta ta 1979 da ta hana fita da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ranar da za ka so fita da abin, waɗannan takardu ne za su nuna cewa shigo da shi aka yi. Nawa suna cikin leda a bayan akwatin katakon. Garkuwar ban rataye ta a zaure kusa da takobin kakana ba kamar yadda na yi buri, saboda da iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Disamba na ga wata 'yar tsaga kamar gashi ta bayyana kusa da mariƙin. Na mayar da ita ɗakin ciki inda rana ba ta shiga, na ajiye kwanon ruwa a kusurwa, ina duba tsagar duk Juma'a da ma'auni. Tana nan a santimita uku.